Katin Hoto a Kan Sabuwar Riga

Awa biyu babanta na zaune a falo yana jiran mai neman aurenta, har shayi ya huce. Da abin ya ishe ta, ta yafa mayafi ta bi saurayin shagonsa.

Ta tarar da shi durƙushe gaban kwamfutar wasansa, ya farke mata ciki. Ga katin hoto guda biyu a tebur, irin wanda ke sa wasa ya fito tar. Kuma abin takaici, sabuwar rigar da ta ɗinka masa saboda yau ita ya shimfiɗa musu. Har maiƙo ya ɓata wuyan rigar.

"Yauwa gimbiya, gara da kika zo," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Wannan fanka uku gare shi, wancan ya fi sauri amma yana zafi. Wanne zan ɗauka?"

"Baba fa?"

"Au, yau ne? Ba ni minti goma."

Ta dube shi, ƙato da gemu. Ta zare rigar a hankali, ta ninke.

"Ɗauki mai fanka ukun, malam. Ka samu mai yi maka fifita, don ni kam na fasa."