Ranar da Mai Shayi Ta Mutu

Ina firamare lokacin, muna zaune a wani flat a unguwar Ardwick, cikin Manchester. Abba yana jami'a tun safe har magariba, Umma kuwa ba ta jin Turanci, ba ta san kowa ba. Abokiyar zamanta ɗaya ce, wata Baturiya mai furfura da ke fitowa a wasan kwaikwayon rana a talabijin, tana sayar da shayi. An ce tun tana budurwa take cikin shirin. Sunanta ya gagari bakin Umma, sai ta sa mata Mai Shayi.

Ran nan zazzaɓi ya hana ni zuwa makaranta. Ina kwance a kujera na ji ƙaurin albasa daga kicin, Umma kuma tana tsaye gaban talabijin da ludayi a hannu. An nuno matar a gadon asibiti, an kewaye ta ana kuka.

"Me suke cewa?" Umma ta tambaye ni.

"Ta mutu, Umma. Amma it's just telly, wasa ne kawai, tana nan da ranta."

"Gobe za ta fito?"

"A'a."

Ta zauna a ƙasa, ta goge ido da bakin zaninta.

"To yanzu wa zai riƙa shigo mini da rana?"



Yau ina aiki a Birmingham, Umma tana Manchester ita kaɗai tun rasuwar Abba. Kullum da azahar nakan kira ta. Kafin wayar ta gama ƙarar farko ta ɗaga, kuma wannan saurin nata ne yake karya mini zuciya.