Tiren da Ke Dawowa Duk Juma'a

Tiren ya sake dawowa, kuma Hedi bai buƙaci a gaya masa na wace kujera ba ne.

Kifin yana nan yadda ya shimfiɗa shi, ko cokali bai taɓa shi ba. Burodin kuwa an marmasa shi ƙanana-ƙanana, an baza a gefe. An kwashe zaitun daga ɗan kwanonsa, an cika kwanon da ruwa. Haka yake dawowa duk Juma'a daga jirgin saman safe na Tunis zuwa Palermo ta Italiya, kujerar gaba ta jikin taga.

Hedi shi ne babban kuku a kicin ɗin da ke dafa wa fasinjojin manyan kujeru. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, kafin mutum ya gama warware adiko an fara shirin sauka. Yawancin masu dafa abincin irin wannan jirgi sun daɗe da sallamawa: ɗan cuku, ɗan ganye, Allah ya kiyaye hanya. Hedi bai sallama ba. Mutum ne mai ji da kansa, kuma maganar gaskiya hannunsa ya kai. Shi ya sa marmashin nan ya fi zagi ƙona masa rai.

Ya sauya mai gasa burodi. Aka marmasa sabon. Ya yi kuskus da kifi irin na mutanen Sfax, ya wuni a kan tukunyar mulukiya, wato miyar lalo, har ta yi baƙi yadda ake so. Komai ya dawo a sanyaye.

"Si Hedi, aljaninka yau ma ya ƙoshi," in ji masu wanke-wanke, suna dariya.

Shi bai yi dariya ba. Ɗan kwanon ruwan nan ya fara bin sa har gida. Yana zaune a gaban abincin matarsa sai ya tsinci yatsunsa suna marmasa burodi, ya janye hannu da sauri kamar ya taɓa wuta.

Sai Si Ridha, manajan kamfanin jirgin, ya kira shi ofis.

"Matar nan duk mako tana sayen kujera mafi tsada, zuwa da dawowa, kuma ba ta taɓa cin lomarka ba. Na sama sun lura. Akwai wasu Italiyawa da ke zawarcin kwangilar nan. In tiren ya sake dawowa a cike, wallahi bakina ya mutu, ba ni da abin kare ka."

Ba shi kaɗai zai tafi ba, kicin ɗin gaba ɗaya ne za a rufe. Hedi ya nemi Olfa, ma'aikaciyar da ke raba abinci a gaban jirgin.

"Lella Shadliya ce, mai kantin magani a Mahdia," in ji ta. "Ba ta taɓa ƙorafi ba. Ko jaka ba ta riƙewa. In mun sauka ba ta shiga gari, jira take mu juyo, sai ta koma tagar ɗaya gefen. Na taɓa tambayarta me ya sa kullum gaba, ta ce a baya fiffike yana tare mata."

Hedi ya roƙi a ba shi kujerar kusa da ita. Ranar Juma'a ya gasa kifin da hannunsa, ya sa rigar da yake zuwa biki da ita, ya hau.

Dattijuwa ce siririya, da farin ɗankwali. Ta amsa gaisuwarsa a mutunce, ta mayar da fuska taga. Ƙasa ta ƙare, teku ya buɗe. Olfa ta ajiye tire, ƙamshin kifi da lemon tsami ya cika wurin. Matar ta ce an gode, ba ta ko duba ba. Leɓɓanta suna motsi a hankali.

Can a tsakiyar ruwa ta ɗauki burodin ta marmasa. Ta kwashe zaitun, ta tsiyaya ruwa a kwanon a tsanake, ta matsar da shi jikin taga. Hedi ya ɗan karkato wajenta.

"Lella, ki gafarce ni," ya ce. "Ni na dafa. Gishiri ne? Ko burodin ne ya bushe? Don girman Allah ki ci ko loma ɗaya ce. Abincin gidaje da yawa yana kan tiren nan."

Ta juyo. Idanunta a bushe suke, kuma hakan ya fi hawaye ba shi tsoro.

"Ƙanena, ƙamshin ma ya wanke ka. Burodinka lafiyarsa ƙalau. Na tsuntsaye ne, kamar yadda ake ajiye musu a maƙabarta ranar Juma'a, su ci su sha, ladan ya isa inda aka nufa."

"Wane tsuntsu kuma a cikin jirgi, Lella?"

"Babu. Na sani. Hannuna ne ya ƙi bari."

Ta sake leƙawa ƙasa. Hedi ya bi idonta. Ruwa ne shuɗi, shimfiɗe har ƙarshen gani, babu komai a kansa.

"Kwale-kwalen da ɗana Anis ya hau zuwa Italiya a daidai nan ya kife, ba a tsamo kowa ba," ta ce. "Kai za ka iya cin abinci a kan kabarin ɗanka?"