Kyanwar Muhsin

Sada ya shigo gidan ko sallama babu, riƙe da kyanwar ta ƙafafun baya, ya maka ta da jikin rumbu. Ƙarar karyewar ƙashi har madafi. Indo ta fito da muciya a hannu, ta tarar yana shirin ƙara mata na biyu.

Sada ƙanin marigayi mijinta ne. Tun da masu garkuwa suka ɗauke ɗanta Muhsin a hanyar Makarfi, shi ne tsaye a kan komai a garinsu Janfalan. Shi suke kira a waya, shi ke zuwa ya faɗi abin da suka ce. Mutum irin wannan ba a ɗaga masa murya, don haka Indo ta russuna ta tambayi laifin dabbar.

Ya ce ta mayar masa da ƙofar sito juji. Sitonsa na bayan gari, inda yake ajiye taki, kullum sai ya iske mushen ɓera ko ƙadangare a bakin ƙofa. Ya kore ta da dutse ta dawo, ya watsa mata ruwan zafi ta dawo.

“Na sake ganinta a can, wallahi kanta zan sare,” in ji shi. Ya jefar da ita, ya goge jinin a jikin zana.

Kafin ya fita ya tuna wa Indo cewa mutanen sun gaji da jira. Ko a sayar da fadamar raken da marigayi ya bari, ko a je a ɗauko gawa. Ya samo mai saye, da an sauko Juma'a za a ƙulla ciniki. Rigar Muhsin da suka aiko tana nan ƙarƙashin gadonta, jini ya bushe a wuyan. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa kuka a gaban mutane. A ciki abin yake cin ta.

Gaskiya ita ma haushin kyanwar take ji. A kwata Muhsin ya tsinto ta, idonta ko buɗewa bai yi ba, ya raine ta da nono a murfin kwalba. A ƙwaryarsa take lasa, a ƙafafunsa take kwana, kuma ban da shi babu mai taɓa ta. Indo kanta tana da tabon farcenta a hannu. Amma da aka ɗauke shi, kukan da kyanwar ta yi bai taka kara ya karya ba, sai kawai ta daina zaman gida. Indo ba ta taɓa ganin butulci irin wannan ba.

Da maza suka wuce masallaci, ta leƙa gindin rumbu, babu kyanwa. Sawun jini ya bi ta magudanar ruwa ya fice. Idan Sada ya kashe ta, alhakin kyanwa ba ya barin gida, ga su da rai a hannun mutane. Idan kuma ya yi fushi ya janye hannunsa, wa take da shi? Ta yafa mayafi ta ɗauki tsintsiya, da niyyar ta share masa ƙofar ta kamo muguwar.

Ta bi jinin ta bayan gidaje, ta ratsa gonar dawa. Ta hango ta tana jan gindi a ƙasa, ƙafa ɗaya na reto, baki ya fashe, amma ko waiwaye ba ta yi.

Sabon kwaɗo ne a ƙofar siton. Ƙudaje sun yi baƙi a kan mushen, waɗanda aka jera daidai ƴar kafar da ke ƙarƙashin ƙofa. Kyanwar ta isa, ta yi ƙoƙarin ɗaga jela ta kasa. Ta shiga goga kumatunta a jikin ƙyauren, tana wannan gurnanin da suke yi idan ransu ya yi daɗi.

Abin ya ƙule Indo. Ta kai mata duka da tsintsiya.

“Tashi mu tafi, ƴar banza. Mai kula da ke yana can daji, ke kina nan kina jawo mana masifa.”

Sai ta ji ana jan jiki a ƙasa daga ciki, da ƙarar sarƙa. Wata dusasshiyar murya ta fito ta ƙarƙashin ƙofar.

“Inna, ke ce? Baffa Sada ya tafi?”