Motar da Ta Durƙusa wa Inna

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji.

Ranar da Inna ta hau motar ɗanta bakanike da ƙyar, ta dafe gwiwa ta ce, "Na kusa daina fita."

Sana'arsa rage wa motocin samari tsayi, kuma ya san Inna ba ta son tausayi. Sai ya sauya shokozoban motarsa da mai zobe, wanda in an murɗa zoben sai mota ta yi ƙasa. Duk mako zagaye ɗaya yake murɗawa, a hankali kamar faɗuwar rana.

"Ɗan nan, ƙafata fa tana sauƙi," in ji Inna. Yana tuƙi tana gyangyaɗi, bishiyoyi na wucewa kamar a mafarki.

Ran nan ƙasan motar ya karci tudun ƙofar gida. Ya taka birki, ya saci kallon Inna.

Inna ko ido ba ta buɗe ba. "Bar ta haka, tuni na gane. Raƙumi in ya durƙusa, ba a cewa ya kwanta."

Inna ta ci gaba da zumuncinta. Bakanike ya bar zoben yadda yake. Tudun kuwa, washegari ya baje shi.