Ni Kake Harara?

Ina aji uku a firamaren ƙauyenmu aka mai da ni layin baya saboda tsawona. Daga can rubutun allo dishi-dishi nake ganinsa, sai na ƙanƙance ido kafin harafi ya fito. A zatona haka kowa yake gani.

Wata rana gab da tashi, Malam Sabo ya yi rubutu, ya nuno ni da alli. "Kai dogo, karanta."

Na miƙe, na ƙanƙance ido iya ƙarfina. Shi kuma yana tsaye jikin allon.

"Ni kake harara? Ni sa'anka ne?"

Da fanbel, bel ɗin robar injin niƙa, yake duka. Ya shaƙo wuyan rigata, ya jawo ni gaba, ya dinga zuba min. Ina ihu, "Malam, wallahi ba na gani!" Yana cewa, "Yanzu za ka gani." Bakin fanbel ya fasa min gira, jini ya gangaro. Ina kwance gindin allo na ga rubutun tar, kuma na iya karanta shi.

A gida kalmar harara kawai Baba ya ji. Ya ƙara min mari, ya miƙo min fartanya. Bokona ke nan.

Sai da na yi furfura aka auna idona a Kano, aka ce gilashi kawai nake buƙata tun ina yaro. Da Malam Sabo ya rasu, 'ya'yansa suka roƙi jama'a a yafe masa. Na ce Allah ya jiƙansa. Ban ce na yafe ba.