Abin da Na'urar Ta Ce

Ciwon huhu ya sake kayar da wata saniyar, wani saurayi yana tsaye kusa da kawunsa mai garken.

Kwanakin baya, saurayin ne ya tura wani saƙon murya a zauren WhatsApp na makiyayan Doguwa, wai allurar rigakafi tana sa shanu ɓari. Manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta a ƙasa: "Wannan ba gaskiya ba ne."

Kawu bai yi boko ba. Ya miƙo masa waya. "Ɗana, me ta ce?"

Kunya ta rufe saurayin. "Ta ce haka ne, Kawu."

Da masu allura suka zo, Kawu ya kaɗa garkensa daji.

Yanzu tsohon ya dafa kafaɗarsa. "Daina kuka, ba laifinka ba ne. Na'urar nan ce ta cuce mu."