Muryar Gwaggo Adawiyya

Duk dangi sun san Abdulmajid da zumunci, ko da yake a waya suka san shi. Shi ya buɗe zauren WhatsApp na zuriyar Malam Bakri, kakansu Bakano da ya zo Hajji a ƙafa, ya zauna a Madina, ya auri wata Bamaleshiya. 'Ya'yansu suka watsu, wasu Kano, wasu Maleshiya, wasu suna nan Madina. Abdulmajid ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tattaro, har waɗanda ba su jin yaren juna suka koma gaisawa kullum.

Abin da ya riƙe zauren kuwa muryar Gwaggo Adawiyya ce, ƙanwar mahaifinsa, 'yar autar Malam Bakri. Ita kaɗai ta rage da ke iya jero sunayen kakanni na ɓangarorin biyu, ta kuma rera waƙar renon da uwarta ke yi mata da harshen Malay. Mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, tana zaune ita kaɗai a unguwar Harra ta Yamma. Daga gidan Abdulmajid a Uhudu tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma shi kullum aiki ya yi masa yawa.

Sai ya yi dabara. Ya je wuni guda ya naɗi muryarta da yawa, gaisuwa da addu'a da labaran da, ya tsara yadda kowace safiya ɗaya zai fita da kansa. Don saƙon ya riƙa fitowa da sunanta, ya ce ta ba shi wayarta.

"To ya waladi, ɗana, in na so kiranka fa?" in ji ta.

"Gwaggo, zan kawo miki sabuwar jawwal cikin satin nan."

"Ba wayar nake so ba. Ka dai zo mu sha shayi."

Ya ce in sha Allahu, ya jefa wayar a aljihun mota.

Abin ya yi kyau ƙwarai. Kowace safiya muryar tsohuwa na shigowa, Kano su ce amin, Maleshiya su turo hoton zuciya, ana ta sa wa Abdulmajid albarka. Shi ma da ya ji muryar sai hankalinsa ya kwanta, kamar ya je ya gan ta.

Matarsa Ikram ce ta fara tsarguwa. Ana tsakiyar zafin Madina, ga Gwaggo tana cewa a rufe yara da kyau saboda sanyi. Kuma a kowane saƙo akwai ɗigar famfo a bayanta, da tari ɗaya a wuri ɗaya.

"Ni muryar nan tsoro take ba ni," ta ce. "Kamar daga ɗakin da ba kowa take fitowa. Ka je ka duba ta."

Ya yi dariya, ya ce ran Juma'a. Juma'ar ta zo, ya yi salla a Harami, aka yi kiran sallar gawa kamar yadda ake yi bayan salloli, ya bi sahu ya sallata bai san ko su wane ne ba. Da ya fito ya ga cunkoso, ya ɗaga zuwan zuwa wani satin.

Ana haka Tahir, wani jikan Malam Bakri daga Maleshiya, ya zo Umra. Bai nemi komai ba sai a kai shi ya ga Gwaggon da yake jin muryarta kullum. Ya riƙo mata zane da garin yaji irin na garinsu. Kunya ta sa Abdulmajid ya ɗauke shi da safe suka nufi Harra.

Ƙofar a kulle take, ƙura ta kwanta a bakinta. Tukunyar na'ana'ar da ke kan taga ta bushe ƙurmus. Suka yi ta bugu, ba motsi, sai ɗigar famfo da ake ji daga ciki.

Maƙwabciyarta Sundus, wata dattijuwa 'yar Sudan, ta leƙo. Ta dubi Abdulmajid.

"Kai ne mai wayar?" ta ce. "Allah yarhamha, Allah ya jiƙanta. Faɗuwa ta yi a banɗaki, ba abin da za ta kira mutum da shi. Sai da muka ga shiru ya yi yawa aka ɓalle ƙofa. Mun nemi lambar danginta, duk suna cikin wayar da ka tafi da ita. Liman da mutanen unguwa ne suka tsaya aka yi takardu. Waccan Juma'ar aka sallace ta a Harami, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a."

Abdulmajid ya zauna a kan ƙurar. Ashe yana cikin sahun sallar gawar a ranar. Ya yi wa gwaggonsa salla kamar baƙuwa, yana tunanin inda ya ajiye mota.

Nan take wayar Tahir ta yi ƙara. Ya taɓa, muryar ta fito a gaban rufaffiyar ƙofar, da tarin nan nata.

"'Ya'yana, kun tashi lafiya? Ni dai ina nan, ƙofata a buɗe take. Wanda ya samu hali ya leƙo ni."

Kafin ta rufe baki amsoshi sun fara shigowa daga Kano da Maleshiya, kowa yana cewa Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya da nisan kwana.

Jama'a, waya tana haɗa mu da dangi na nesa, kuma wannan alheri ne. Amma kada ta sa mu yar da na kusa. Tsohon da kake jin muryarsa a waya, tashi ka je ka gan shi da idonka tun yana iya buɗe maka ƙofa.